Hutun Rabe, Idon Safara'u

Asabar, 2 ga Agusta, bayan La'asar

Rabe ya zo hutu. Ba daga bakinsa na ji ba, motarsa na gani ta toshe mana lungu, rabin Unguwar Shanu sun fito kallo. Direbansa Nuhu ya sauko da kaya niƙi-niƙi: shadda yadi goma, kwalin dabino, turare kwalba biyu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Alhaji ya sauka jiya a gidansa na Unguwar Dosa. Sati uku zai yi. Ya ce a gaishe ka, kuma kada ka ce masa ƙafa na ciwo."

Na ce, "Ka ce masa ƙafar da ta taka birkin gwamnati shekara talatin ba ta ciwo sai ta ga dama."

Sai na shiga ɗaki. Ba a sallamar wanda ya kawo kyauta hannu rabbana, haka muka taso muka tarar. Aljihuna ba komai sai goro da kuɗin cefanen gobe. Na buɗe gwangwanin madara.

Bari in rubuta yadda yake, tunda matata Safara'u ba ta gani balle ta karanta, ajamina kuwa ko malamin da ya koya mini sai ya yi gumi. Ɗauri biyu ne a gwangwanin, kowanne da robarsa. Kuɗin aikin idonta ne. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun. Likita ya ce za a yi ɗaya ran Litinin, ashirin da biyar ga wata, ɗayan bayan sati biyu, kowane ido da kuɗinsa. Autanmu Sagir ne ya aiko, kafin azumi. Daga shi ba a sake aikowa ba.

Na zari dubu biyar a ɗauri ɗaya na ba Nuhu tukwici. Aro ne. In fansho ya shigo zan mayar.

Lahadi, 3 ga wata, da hantsi

Ta shafa shaddar ta ce mai tsada ce. Na ce eh. Ta ce, "Wane launi?" Na ce shuɗi.

Litinin, 4 ga wata, bayan Magariba

Mun wuni a gidan Rabe. Mu tara ne muke cin tuwo a kwano ɗaya lokacin da ba mu da mata, yau saura uku. Ni da Rabe jirgin ƙasa ɗaya ya kawo mu daga Kano, shi da takardar makaranta, ni da tabarma. Ya zama babban ma'aikaci, yanzu yana Abuja wajen 'ya'yansa. Na zama direba. Na ukunmu Ashiru, tsohon akawu, Bazazzagi, baki kamar reza.

Ina shiga Ashiru ya ce, "Ga Bakano, an ji ƙamshin nama an fito."

Na ce, "Kai fa? Ruwa aka yi da asuba, ga takalminka a bushe. A nan ka kwana?"

Rabe ya yi dariya har da tari. Ya tsufa. Duk mun tsufa, amma shi tsufansa da maiƙo.

Bayan cin abinci ya tara jikokinsa ya ce, "Ku zauna, ga littafin tarihin Kaduna mai ƙafa biyu. Ila, ba su labarin Ɓarin Goro."

Kullum shi suke so. Lokacin ina tuƙa maigidana, ni ke raba kayan Sallah gida-gida, kuma har yau ba wanda na manta tukwicinsa. Na san wanda ya ba ni fam guda a kan buhun gero, na san wadda ta ba ni zakara a kan turmin atamfa. To, wata shekara aka ce in kai wa wani babban mutum sa. Sa sukutum, sai da muka yi mu huɗu kafin ya sauka daga mota. Mutumin ya fito, ya dubi san, ya daɗe yana lalube a aljihu, sannan ya fasa goro ya miƙo mini ɓari. Na ba da labarin a gareji da yamma. Kafin sati sunan ya bi shi. Har ya mutu Alhaji Ɓarin Goro ake ce masa, jikokinsa ma da haka ake kwatancen gidansu.

Yaran suka yi ta kyakyatawa. Ashiru ya ce, "Allah ya tsare mu da bakin Ila."

Sai Rabe ya ce bana yana so a yi yadda ake yi da: kowa da ranarsa. Shi ya yi tasa yau, Ashiru Asabar mai zuwa, ni ta sama. Tsakani kuma a zaga gaishe-gaishe. Ya ce, "Ba mu san wanda zai ga baɗi ba." Wa zai yi musu da wannan?

Da zan tafi ya ce, "Ina ɗana Sagir? Yana nan yana jan tirela?"

Na ce yana nan lafiya.

"Yana dai yi muku aike?"

Na ce duk wata.

Laraba, 6 ga wata, bayan Azahar

Na je can. Tun bakwai nake kan benci. Ƙarfe ɗaya wani ya leƙo ya ce mai sa hannun belin bai zo ba, in dawo ran ashirin. Ban ga Sagir ba, yana tsare a ciki. Abincin da na kai sun karɓa, sun ce za su miƙa.

Na ce wa Safara'u layin fansho na je. Ta ce, "To, sannu." Ba ta ce komai game da kwanon da babu shi a kwando ba.

Alhamis, 7 ga wata, bayan La'asar

Nuhu kuma. Buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa.

Mutane za su ce ai ka ci riba. Ba su san shinkafa ba ta biyan likita ba. Kuma sayarwa? A lungun nan? Kafin buhun ya kai bakin titi labari ya isa Unguwar Dosa.

Rabe ba ya ba ni kuɗi, kuma ni na jawo. Shekarar da aka haifi Sagir ya taɓa cusa mini ambulan a aljihu a gaban mutane. Na bi shi har mota na jefa masa ta taga. Shekara biyu ba mu gaisa ba. Tun daga nan sai kaya, kaya, kaya. Yana ganin ya samo dabara. Shi bai taɓa zama ɗan aike ba, bai taɓa tsayawa a zaure yana jiran abin da za a fito da shi ba, ina zai tuna kowace kyauta tana da wutsiya?

Buhu ya fi shadda nauyi a ido. Na sake zara daga ɗaurin nan dai. Ban taɓa ɗayan ba. Ban ƙirga ba.

Asabar, 9 ga wata, bayan Isha'i

Ranar Ashiru. Ya yi bajinta, ba ƙarya: waina da miyar taushe, kaji, farfesun kayan ciki, lemon kwalba har da wanda ba a sha ba. Rabe ya ce, "Kai, Zage-zagi an iya karɓar baƙi." Ashiru ya kalle ni ya ce, "Saura mu ga na Kanawa. Kada dai a kawo mana gurasa a ce an yi biki."

Na ce, "Ka zo da cikinka biyu."

Lemon da ɗumi. Na duba lungun da firjinsa yake tsayawa shekara da shekaru, sai na ga tabarma a naɗe an jingine. Shatin ƙafafuwansa na nan a siminti. Ashiru ya ga ina kallo, ya ce, "Yana wajen gyara." Na ce, "Ai haka suke, sai sun ga baƙi."

Babur ɗinsa ma ban gani a zaure ba. Ban tambaya ba.

Lahadi, 10 ga wata, da safe

Ruwa tun asuba. Ɗakin yana yoyo ta wajen da yake yi. Fansho shiru.

Talata, 12 ga wata, bayan Magariba

Mun je Zariya gaida iyalin marigayi Shehu, ɗaya daga cikin taran nan, shi ya rasu bara. Ni na nuna hanya. Nuhu yana ta duba waya, na ce ya ajiye, wayar ba ta san Shehu ba. Bayan masallaci, lungu na biyu, gidan da ke da bishiyar zogale. Shekara ashirin rabona da ƙofar, ban ɓata ba.

Matar ta tsufa ƙwarai. Muka yi addu'a. Rabe ya tura ambulan ƙarƙashin tabarma. Ashiru ya tura nasa. Saura ni.

Shehu ne ya tsaya mini ranar da na buga motar gwamnati a gadar kogi. Shi ya je ya ce ya ga akuyar da ta gifta, alhali yana gida yana barci. Da ba don shi ba da an kore ni. Su biyun sun manta wannan. Ni ban manta ba, kuma abin da ke kashe ni ke nan, ba na mantuwa.

Dama na fito da shirina a aljihu. Na tura.

A hanyar dawowa Rabe ya ce a tsaya a sayi tsaraba, kowa ya saya wa iyali. Ya cika bayan mota da doya da albasa. Ashiru ya sayi rake. Na sayi ayaba don kada in zama ni kaɗai. Safara'u ta ci ɗaya ta ce ba ta nuna ba.

Laraba, 13 ga wata, da Azahar

Ta zuba sukari a miya. Gwangwanayen girmansu ɗaya. Na cinye abina, ita ce da ta ɗanɗana ta ajiye cokali, ta juya fuska wajen bango.

Alhamis, 14 ga wata, bayan La'asar

Rago.

Nuhu ya jawo shi har tsakar gida, fari mai baƙin wuya, ƙahonsa ya murɗe sau biyu. Wai Alhaji ya ce gudummawa ce ta ranar Asabar, kada in wahala. Kada in wahala! Ragon da ya fi ƙarfin tukunyarmu, ya fi ƙarfin itacenmu. Rago irin wannan ba a cin sa da gaya. Sai an nemo masu dahuwa, sai tumatir da tattasai, sai kujerun haya, sai an kira maƙwabta tunda duk sun ji kukansa.

Na shiga ɗaki na fito. Nuhu ya ga abin da ke hannuna ya ja da baya.

"Baba, don Allah ka bari. Na karɓi biyu, sun isa."

"An ce maka sadaka ce? Haƙƙinka ne."

"Wallahi Alhaji yana biyana. Ko ba ka ba ni ba, ba wanda zai ji."

Na ce, "Ni zan ji."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka san har yanzu direbobi suna ba da labarinka? In an ba mutum abin da bai kai ba sai a ce an yi masa ɓarin goro. Ni ban san kai ne mai labarin ba sai rannan."

Yana ganin yabo ya yi mini. Na kama hannunsa na danƙa masa, na naɗe yatsunsa a kai. Mutumin kirki ne, 'ya'yansa biyar a Rafin Guza. Ba laifinsa ba ne.

Robar ɗaurin ta yi sako-sako, sai da na ninka ta biyu.

Juma'a, 15 ga wata, bayan an sauko masallaci

Na dawo na tarar da ita zaune bakin gado, gwangwanin a cinyarta, ɗauri ɗaya a kowane hannu, tana auna su kamar mai sayen kifi.

Ta ce, "Malam, ɗayan ya rame."

Na ce aro na yi.

"Wajen wa za ka samo ka mayar?"

Na ce fansho.

"Fanshon da kake bin layinsa da kwanon tuwo?"

Ragon yana ta kuka a waje.

Ta ce, "Ni ban hana ka fita kunyar abokanka ba. Shekara arba'in da shida ban taɓa sa ka jin kunya gaban baƙo ba. Amma ka faɗa wa Alhaji. Ba kuɗi na ce ka roƙa ba. Ka ce masa ya daina aike, shi ke nan. Ko ka ce masa Auta…"

Na ce kada ta fara.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam."

Na ce ba wanka nake ba.

Ta ɗauki ɗaurin da ban taɓa ba, ta kwance bakin zaninta ta ƙulle shi a ƙugu, ƙulli uku. Ta miƙo mini ramammen, ba daidai inda nake tsaye ba, ɗan gefe. Ta ce, "Ungo. Ka ƙarasa. Gobe kada miya ta yi tsararo a ce matar Ila ce."

Na karɓa. Abin da ya fi damuna ke nan, na karɓa.

Asabar, 16 ga wata, bayan Isha'i

An yi. An ci, an sha, an yi guzuri. Matan lungu uku suka yi dahuwa, Safara'u tana zaune kan turmi tana ba da umarni da hanci: wannan albasar ta ƙone, waccan tukunyar a rage mata wuta. Ashiru ya ci har ya kwance tazuge. Ya ce, "Na janye maganar gurasa. Bakano, ashe kana da kuɗi kake tafiya kamar maraya."

Rabe ya ce, "Ai mai ɗa a kan tirela ba ya talauci."

Aka yi dariya. Da ni aka yi.

Sai Safara'u ta fito gaishe su. Na ce ta zauna, ta ƙi. Ta lallaɓo da bango, ta durƙusa, ta fuskanci randar ruwa ta ce, "Alhaji, sannu da zuwa, ya iyali?"

Rabe ya taso daga inda yake, a hankali, ya zagayo ya tsaya gefen randar, sannan ya amsa. Allah ya saka masa da wannan.

Da ta koma ya ja ni zaure. Ya ce, "Ila, tun yaushe?"

Na ce ya kwan biyu.

"Akwai likitoci. Ka bari in…"

Na ce an riga an gama komai, ran ashirin da biyar za a yi, ido biyun duka, Sagir ya biya.

Ya dube ni ya daɗe. Ƙofa ce a buɗe, na gan ta. Da bakina na ja ta na rufe. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi wa yaron nan albarka." Na ce amin. Wannan amin ɗin dai da gaske na yi ta.

Kafin su tashi jikokin suka ce sai an sake Ɓarin Goro. Na fara. Na kai inda mutumin yake lalube a aljihu, sai maganar ta tsaya mini a wuya. Na ce goro ne ya sarƙe ni. Ashiru ya ƙarasa musu, bai iya ba, ya ɓata wajen dariyar.

Lahadi, 17 ga wata, bayan Asuba

Ga abin da ya tsaya mini jiya.

Ranar da na kai san nan, ƙofar falon mutumin a buɗe take. Na sha kai maigidana gidan, na san falon: kujeru shida masu hannu, rediyo mai katako, agogon bango. Ran nan ba ko ɗaya. Tabarma ce kawai da buta. Kuma daga cikin gida ana jin tarin mace, irin tarin da ba ya ƙarewa. Bayan wata biyu aka yi jana'iza a gidan, ni na kai maigidana.

Na gani. Da idona na gani, ina da shekara ashirin da bakwai. Duk wanda ya tambaye ni launin san zan faɗa masa, da sunan mutum ukun da suka taya ni sauke shi. Amma shekara hamsin ina ba da labarin nan ban taɓa sa tabarmar a ciki ba, saboda in an sa ta ba a dariya.

Sunansa Abdulƙadir. Alhaji Abdulƙadir. Na rubuta, ko sau ɗaya.

Litinin, 18 ga wata, da rana

Masu kujeru sun zo karɓar kuɗinsu. Mai itace ya zo. Nama ya ragu, ba firji, an raba.

Laraba, 20 ga wata, bayan La'asar

Na je can. An ɗage zuwa wata mai kamawa. Wannan karon na hango Sagir ta taga ana wucewa da su. Ya yi baƙi. Ya ɗaga mini hannu, sai na biyun ya biyo shi, tunda ankwa ta haɗe su.

Daga nan na wuce kasuwa da shaddar a cikin leda. Na zaɓi rumfar da ba a san ni ba, can ciki. Yaron shagon ya buɗe, ya murza, ya kira maigidansa. Maigidan ya fito ya ce, "A'a! Baba Ila! Ba ka gane ni ba? Ɗan Balki ne, ta bayan gidan Alhaji Rabe. Kai ka kai mu ɗaurin auren yayana a motar ofis. Lafiya dai ko, Baba?"

Na ce lafiya lau, so nake a gaya mini ko ta gaske ce, kada a yi mini kyautar jabu.

Ya ce ta gaske ce, lamba ɗaya.

Na naɗe abata. Har ya ba ni kuɗin mota, na ƙi. Na tako da ƙafa daga kasuwa har gida. Yanzu kam ƙafar ta ga dama.

Safara'u ta ce, "Ya layin?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Ya ci?" Na ce sun karɓa.

Alhamis, 21 ga wata, da Walaha

Gobe zan faɗa wa Rabe. Na shirya maganar, gajeriya ce. Na maimaita ta a banɗaki har sau uku.

Juma'a, 22 ga wata, bayan Magariba

Gobe da sassafe Rabe zai koma, don haka na je sallama. Abin da ya saura a ramammen ɗaurin na sayi kilishi da shi, na canza sauran sababbi na raba wa jikokin. Baƙo ba ya tafiya haka nan. Robar na jefa a kwata.

Gidan cike. Mutane a zaure, mutane a ƙofa, kowa da takarda a hannu ko labari a baki: kuɗin makaranta, kuɗin haya, mara lafiya a asibiti. Na ga Ashiru a cikinsu, zaune can ƙarshen benci, ya sunkuyar da kai. Da ya gan ni ya ce, "Bakano, sallama na zo yi." Na ce, "Ni ma." Yau ba wanda ya tsokani wani.

Rabe ya hango ni ya ce a shigo da ni ciki. Ya rufe ƙofa, ya zube a kujera, ya cire hula. Ya ce, "Ila, na gaji. Tun asuba. Wallahi wani lokaci ji nake ba ni suke zuwa gani ba."

Na ce haka ne. Maganar tana bakina, na riga na ja numfashi.

Ya ce, "Ka san me ya sa nake zuwa Kaduna hutu, ba na tafiya inda yara suke so? Saboda kai. Duk garin nan kai kaɗai ne in na zauna da kai na san ba abin da zai biyo baya. Shekara hamsin ba ka taɓa cewa ba ni ba. A gidanka rannan na ci abinci na ƙoshi, ban ji ana ƙirga lomata ba. Kada ka canza, don Allah. Ka bar mini mutum ɗaya."

Idonsa ya kawo ruwa.

To, me zan ce? Na ce, "Ka cika surutu, Rabe. Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce baɗi in Allah ya kai mu wata guda zai yi. Na ce Allah ya kai mu.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

Sun tafi. Na ji ƙarar mota a bakin lungu gabana ya faɗi, na ɗauka wani aiken ne kuma. Ta mai burodi ce.

Lahadi, 24 ga wata, bayan Azahar

Ta yi wanka, ta sa an yi mata kitso. Ta tambaye ni ko fansho ya shigo. Na ce a'a. Ta ce, "To."

Shinkafa muka ci. Akwai ta da yawa.

Litinin, 25 ga wata, wajen sha ɗaya na safe, a asibiti

Mun zo tun bakwai a keke mai ƙafa uku. A wajen biya ta juya baya ta kwance ƙullin zaninta da kanta, ta miƙa. Matar da ke karɓa ta duba kati ta ce, "Ido biyu aka rubuta. Na ɗayan fa, yau za ku biya ko sai ranar?"

Na buɗe baki. Safara'u ta riga ni. Ta ce, "'Yata, ɗaya za a yi. Ɗayan a soke."

"Mama, in an soke sai an sake bin layi, kuma kuɗin yana ƙaruwa."

"Na sani. A soke."

Ba ta juyo wajena ba. Ko da ta juyo ba gani za ta yi ba, amma ba ta juyo ba.

Likita ya haska wannan, ya haska wancan. Ya ce duka sun nuna, ba wanda ya fi wani, tunda ɗaya ne sai ta zaɓa. Ya ce yawanci mutane dama suke cewa.

Ta ce, "Na hagu."

Ya ce, "Me ya sa, Mama?"

Ta ce, "In na kwanta shi ne ta wajen ƙofa. In an turo, in ga ko wane ne."

Likitan ya yi dariya, ya ce Mama tana tsoron ɓarayi. Ya sa mata alama da biro a saman gira. Ni ban yi dariya ba, na san wanda take jira ya turo.

Sun shiga da ita. Sun ce awa ɗaya. An hana shiga da takalmi, ga nata nan a cinyata, ɗaya ya tsinke ta ɗaure shi da zare ban sani ba sai yanzu.